Burin Shekara-Shekara: Yadda Amurka Ta Bar Kwalejojin Horar da Malamai Suna Ba Kansu Maki

A Amurka, duk jami'a ko kwalejin da ke horar da malamai, matuƙar ɗalibanta suna cin tallafin karatu ko bashin karatu na gwamnatin tarayya, wajibi ne ta miƙa rahoto kafin ƙarshen Afrilun kowace shekara. Jiha ce ke tattara rahotannin, ta haɗa da nata, ta aika wa Ma'aikatar Ilimi a Washington zuwa ƙarshen Oktoba. A cikin rahoton akwai wani shafi da ake kira burin shekara, inda makaranta ke faɗin yadda take son ƙara yawan malaman da take yayewa a fannoni huɗu da ake fama da ƙarancinsu: lissafi, kimiyya, koyar da yara masu buƙata ta musamman, da koyar da yaran da Turanci bai zauna a bakinsu ba. Wannan rukuni na ƙarshe bai yi mana nisa ba, don a cikinsa akwai 'ya'yan Hausawan Ghana da Nijar da ke shiga makarantun gwamnati a unguwar Bronx ta birnin New York.

Shafin ya samo asali ne daga sashe na 206 na Dokar Ilimi Mai Zurfi, kamar yadda aka yi mata kwaskwarima a 2008. Wannan nazari yana bin diddigin sashen ne: abin da ya haifar da shi, yadda ya yi aiki, yunƙurin da aka yi na sa masa haƙora, wato a haɗa shi da hukunci, da yadda yunƙurin ya mutu.

Tushen maganar

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa wa ainihin dokar hannu a Nuwamban 1965, a tsohuwar kwalejinsa da ke San Marcos a jihar Texas, inda shi kansa ya koyi aikin malanta. Amma sai a 1998 majalisa ta fara tambayar makarantun horar da malamai me suke yi da ɗaliban da ake ba su. A watan Afrilun wannan shekara jihar Massachusetts ta yi jarrabawar neman lasisin koyarwa karo na farko, kashi 59 cikin 100 na waɗanda suka zauna suka faɗi. Mutane ne da suka kammala karatun malanta ko suke dab da kammalawa. Labarin ya karaɗe ƙasar, kuma ya ƙarfafa hannun irin su Sanata Jeff Bingaman na New Mexico, waɗanda dama suke neman a tilasta wa kwalejoji su bayyana sakamakonsu. Gyaran da aka yi a shekarar ya ce kowace makaranta ta riƙa faɗin kashi nawa cikin waɗanda suka kammala shirinta ne suka ci jarrabawar lasisi, jihohi kuma su riƙa fito da sunayen shirye-shiryen da suka gaza.

Ba a daɗe ba makarantu suka gano ƙofar raggo. Dokar ta ce a ƙirga "waɗanda suka kammala", sai makarantu da yawa suka mayar da cin jarrabawar lasisi sharaɗin kammalawa. Wanda ya faɗi bai kammala ba, saboda haka ba ya cikin lissafi. Sai ga rahotanni suna ta shigowa da kashi 100 cikin 100. Hukumar GAO, mai bincika wa majalisa yadda gwamnati ke aiki, ta nuna wannan dabara a 2002. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya karya doka, amma alƙaluman sun zama ba su da wani amfani.

Da aka zo gyaran 2008, wanda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Agusta, majalisa ta faɗaɗa bayanan da ake nema kan jarrabawa don toshe wancan gurbin, sannan ta ƙara sabon abu. Tun farkon shekarun 1990 Ma'aikatar Ilimi ke wallafa jerin fannonin da kowace jiha ke ƙarancin malamai, kuma kusan kowace shekara fuskokin ɗaya ne: lissafi, kimiyya, buƙata ta musamman. A ɗaya ɓangaren, jihohi da dama suna yaye malaman firamare fiye da guraben da suke da su. Hankali ya ɗauka a ce wa kwalejoji su karkata ga inda buƙata take. Abin da sashe na 206 ya zo yi ke nan.

Abin da sashen ya ce, da abin da ya yi shiru a kai

Sashen gajere ne, kashi uku. Na farko, makaranta ta sa wa kanta buri na shekara wanda za a iya aunawa da adadi, don ƙara yawan masu koyon malanta a fannonin ƙaranci. Na biyu, ta ba da tabbaci cewa horon da take bayarwa ya dace da buƙatar gundumomin da ɗalibanta za su je aiki, cewa malamin aji na yau da kullum ya koyi yadda zai tafi da yaro mai nakasa da yaron talaka da yaron da ke koyon Turanci, kuma an shirya shi don makarantar birni da ta karkara. Na uku, wanda ba a cika karantawa ba, ya ce babu abin da ke cikin sashen da ya tilasta wa makaranta buɗe sabon fanni ko sabon digiri ko ɗaukar wata manhaja.

Dokar ba ta faɗi mafi ƙanƙantar burin da za a karɓa ba. Ba ta ce jiha ko gundumar da ke neman malaman ta amince da shi ba. Ba ta tanadi wani hukunci ga wanda bai cimma burinsa ba, ko lada ga wanda ya cimma. Tarar da ke cikin babin, dala 27,500 a yadda aka rubuta a 2008, ta wanda bai miƙa rahoto kan lokaci ba ce ko ya miƙa na bogi. Wato laifin shi ne ƙin cika fom.

Fom ɗin kansa ya cancanci a tsaya a dube shi. Ƙarƙashin kowane fanni ana tambayar shekara uku: bara, bana da baɗi. Game da bara, tambayoyin su ne ko shirinku ya horar da malamai a wannan fanni, mene ne burinku, kun cimma ko ba ku cimma ba, waɗanne dabaru kuka bi, kuma wane mataki za ku ɗauka ko wane darasi kuka koya. Game da bana da baɗi, buri kawai ake nema. A shekarun farko tambayar ta fi haka tsauri, tana neman lamba tsagwaronta: mutum nawa kuka yi niyyar ƙarawa?

To a ɗauka kai ne shugaban sashen ilimi a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta, kana yaye malamai arba'in a shekara, uku daga ciki na lissafin sakandare. Afrilu ta zo, ga jarrabawar ƙarshen zango a gaba, ga ɗalibai a filin koyarwar gwaji suna jiran a je a duba su. Kana da sunayen 'yan aji biyu da 'yan aji uku a gabanka, ka san sarai mutum nawa ne za su iso bakin yayewa baɗi, don malamin lissafin da za a yaye baɗi ya zaɓi fanninsa tun shekara biyu ko uku da suka wuce. Idan ka rubuta goma, baɗi za ka amsa "a'a" a takardar da kowa zai iya buɗewa a intanet. Idan ka rubuta ɗaya, za ka amsa "e". Wanda ya zauna ya buɗe waɗannan rahotanni a shafukan jami'o'i zai ci karo da buri na mutum ɗaya, biyu, biyar, da masu cewa burinsu shi ne su riƙe adadin da suke da shi. A gurbin dabaru kuma za a ga abubuwa iri ɗaya suna ta maimaituwa: zuwa tallata karatun malanta a makarantun sakandare, tattaunawa da sashen lissafi, tallata guraben tallafin karatu. Ni ban ga laifin mai cika fom ɗin ba. An ba shi ganga an ce ya yi kiɗansa ya yi rawarsa, ya kuma faɗi ko rawar ta yi kyau.

Shekarun da lissafi ya juya

Dokar ta shigo a mummunan lokaci. Wata ɗaya bayan sa hannu bankin Lehman Brothers ya durƙushe, tattalin arziki ya shiga halin ni-'yasu, jihohi suka zaftare kasafin ilimi. A 'yan shekarun da suka biyo baya makarantun gwamnati sun rasa guraben aiki kimanin 300,000. Matashin da ya ga ana sallamar malamansa ba zai yi sha'awar bin sahunsu ba. Alƙaluman da aka tattara daga waɗannan rahotanni na shekara-shekara su da kansu sun nuna cewa tsakanin 2010 da 2018 yawan masu shiga shirye-shiryen horar da malamai ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, masu kammalawa kuma da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A daidai shekarun ne ɗaruruwan makarantu ke sa wa kansu burin ƙari kowace shekara.

Jihar Oklahoma ta nuna abin ƙarara. A zangon 2011 zuwa 2012 ta ba da lasisin gaggawa 32, irin wanda ake ba mutumin da bai yi horon malanta ba don dai kada aji ya zauna babu kowa. A zangon 2018 zuwa 2019 adadin ya haura 3,000. A 2018 ɗin ne malaman jihar suka ajiye alli suka cika harabar majalisa, kamar yadda takwarorinsu na West Virginia da Arizona suka yi, kuma maganarsu albashi ce da kuɗin makarantu. Masu nazarin albashi a EPI, wata cibiyar binciken tattalin arziki, sun daɗe suna nuna cewa malamin makarantar gwamnati yana samun ƙasa da takwaransa mai digiri a wani aiki, kuma a 'yan shekarun nan tazarar ta wuce kashi 20 cikin 100 a albashin mako. Ga mai digirin lissafi ko kimiyyar kwamfuta, wanda kamfanoni ke zawarcinsa tun bai gama ba, abin ya fi haka muni.

Akwai kuma wata matsala da Richard Ingersoll na Jami'ar Pennsylvania ya shafe shekaru yana nanatawa. A bincikensa, ƙarancin malaman lissafi da kimiyya ya fi alaƙa da masu barin aikin tun kafin ritaya fiye da ƙarancin sababbin da ake yayewa, kuma ficewar ta fi yawa a makarantun unguwannin talakawa. Kimanin kashi 8 cikin 100 na malaman Amurka ke barin aikin a shekara. Idan haka ne, sa wa kwaleji burin ƙara mutum biyu ɗiban ruwa ne da kwando. Albashi a hannun jiha da gunduma yake, yanayin aiki a hannun shugaban makaranta, sai aka je aka ɗora wa kwaleji alƙawarin adadi.

Inda aka ga ƙari na gaske, da kuɗi da tsari aka same shi. Shirin UTeach da Jami'ar Texas da ke Austin ta fara a 1997 yana jawo ɗaliban lissafi da kimiyya su ɗanɗana koyarwa tun shekararsu ta farko, su fita da digirinsu da lasisi a cikin shekara huɗu, kuma jami'o'i da dama sun kwaikwaye shi. Tallafin Noyce na Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa yana biyan kuɗin karatu a madadin alƙawarin koyarwa a gundumar da ke da buƙata. Makarantar da ta samu irin waɗannan za ta rubuta su a gurbin dabaru, amma ba fom ɗin ne ya kawo su ba.

Darasin Louisiana

A Oktoban 2009, Sakataren Ilimi Arne Duncan ya tsaya a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia ya ce da yawa, in ma ba mafi yawa ba, daga cikin tsangayoyin ilimi 1,450 na ƙasar aikin jeka-na-yi-ka suke yi wajen shirya malamai. Gwamnatin Shugaba Obama, wadda Duncan ke cikinta, ta kuma riƙa nuna cewa fiye da rabin jihohi ba su taɓa ayyana ko shiri ɗaya a matsayin wanda ya gaza ba tun da aka ɗora musu wannan nauyi. Misalin da Duncan ya ɗaga sama shi ne Louisiana.

Can, wani masani a Jami'ar Jihar Louisiana, George Noell, ya gina tsarin da ke haɗa sakamakon jarrabawar yara da malamin da ya koyar da su, sannan ya haɗa malamin da makarantar da ta horar da shi. Ana la'akari da matsayin da yaron yake a bara da halin gidansu, a ga ko ya ci gaba fiye ko ƙasa da yadda ake tsammani. Sakamakon ba maki ɗaya ba ne ga jami'a sukutum. Yana fitowa darasi-darasi. Jami'ar Louisiana da ke Lafayette ta ga cewa malaman da ta yaye suna da rauni a koyar da Turanci, sai ta ƙara kwasa-kwasan fannin, ta tsaurara sharaɗin shiga.

Bambancin da ke tsakanin wannan da burin sashe na 206 a fili yake. Bayanin daga waje ya zo, ya nuna wuri takamaimai, kuma wurin yana cikin abin da malaman jami'ar ke da iko a kai: manhajarsu. Nan ne nake ganin ƙashin bayan maganar gaba ɗaya.

Sai dai kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da masana suka gwada irin wannan awo a wasu jihohi, Cory Koedel da abokan aikinsa a Missouri, Paul von Hippel da nasa a Texas, sai suka tarar bambancin da ke tsakanin shirye-shirye ƙanƙane ne ƙwarai, kuma yawancin abin da ake gani kamar bambanci sa'a ce kawai ta lissafi. Malaman da suka fito daga makaranta ɗaya sun fi bambanta da juna fiye da yadda makaranta ta bambanta da wata. Ƙaramin shirin da ke yaye mutum goma zai iya hawa sama bana ya faɗo ƙasa baɗi ba tare da ya canja komai ba. Awon yana iya tona asirin 'yan ƙalilan da suka yi fice ta kowane ɓangare, amma bai isa a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe da shi ba.

Ƙa'idar 2016 da ajalinta

Duk da haka gwamnatin Obama ta nufi yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya. Zaman sasantawa da wakilan kwalejoji kan ƙa'idar da za a kafa ya watse a 2012 ba tare da matsaya ba. An fitar da daftari a Disamban 2014, ya sha suka. Ana cikin haka, a 2015 GAO ta ce jihohi bakwai ba su ma da wata hanya ta gano shirin da ya gaza. A Oktoban 2016, lokacin John King na sakatare, aka fitar da ƙa'idar ƙarshe. Kowace jiha za ta riƙa ba kowane shiri matsayi duk shekara, aƙalla mataki uku: mai inganci, mai tangal-tangal, ko wanda ya gaza. Ma'aunan sun haɗa da nawa ne suka samu aiki, nawa ne suka zauna a aikin cikin shekara ukun farko, me tsofaffin ɗalibai da shugabannin makarantunsu suka ce, da yadda yaran da suke koyarwa ke ci gaba. Haƙoran kuma su ne tallafin TEACH, wanda ke ba ɗalibi har dala 4,000 a shekara bisa alƙawarin koyar da fannin ƙaranci na shekara huɗu a makarantar talakawa. Shirin da ya kasa samun matsayin inganci sau biyu cikin shekara uku, ɗalibansa za su rasa wannan tallafi.

Adawar ta haɗa mutanen da ba kasafai suke cin tuwo a kwano ɗaya ba. Ƙungiyoyin malamai, musamman AFT ƙarƙashin Randi Weingarten, da ƙungiyar kwalejojin horar da malamai, suka ce ƙa'idar za ta hukunta shirye-shiryen da ke tura ɗalibansu makarantu mafiya wahala, inda ake yawan barin aiki kuma maki ke ƙasa. 'Yan jam'iyyar Republican kuma suka ce katsalandan ne ga hurumin jihohi. Jihohi suka koka da tsadar haɗa bayanan, musamman ga malamin da aka horar a wata jiha ya tafi aiki wata. Ƙorafin farko yana da ƙarfi a ganina, domin ya saɓa wa ainihin manufar sashe na 206: ana so kwaleji ta kai malamai inda ake ƙaranci, sannan a auna ta da ma'aunin da zai sa ta guji wurin.

Bayan zaɓen Nuwamban 2016 lissafi ya canja. Majalisar Wakilai ta soke ƙa'idar a Fabrairun 2017, Majalisar Dattawa ta bi baya a Maris da ƙuri'a 59 da 40, wato har da wasu 'yan Democrat, Shugaba Trump ya sa hannu ranar 27 ga Maris. Dokar da aka yi amfani da ita wajen sokewar ta hana ma'aikata sake fitar da ƙa'ida mai kama da ita sai da sabon izinin majalisa. Ko zagaye ɗaya na ba da matsayi ba a kai ga yi ba.

Inda aka kwana

Majalisa ba ta sake yi wa Dokar Ilimi Mai Zurfi cikakken gyara ba tun 2008, saboda haka sashe na 206 yana nan yadda yake. Abin da ya motsa, a jihohi ne ya motsa. Tennessee, wadda majalisarta ta wajabta katin sakamakon shirye-shiryen horar da malamai tun 2007, ta ɗauki ainihin abin da sashen ke nema ta mayar da shi ma'auni: kashi nawa na waɗanda shiri ya yaye ne ke da lasisin fannonin da ake nema, kuma jiha ce ke ƙirgawa daga bayananta, ba kwaleji ba. Louisiana kuwa ta mayar da hankali ga gyara horon kansa. A 2016 ta wajabta wa masu koyon malanta shekara guda cur a aji ƙarƙashin gogaggen malami kafin lasisi, aka fara aiki da shi a 2018. Hukumar tantance makarantun horar da malamai ta CAEP, wadda ta fara aiki a 2013 bayan haɗewar tsofaffin hukumomi biyu, ita ma tana neman makaranta ta nuna hujjar cewa tana amfani da bayanai tana gyara kanta, kodayake wasu makarantun sun sauya sheƙa zuwa wata hukumar tantancewar, AAQEP, da aka kafa a 2017.

Babin dokar da ya ƙunshi burin shekara shi ne kuma ya ƙunshi kuɗin tallafin haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i da gundumomi masu buƙata, wanda da shi ake ɗaukar nauyin irin wancan zama na shekara guda a aji. A Fabrairun 2025 Ma'aikatar Ilimi ta soke tallafin horar da malamai na sama da dala miliyan 600, ciki har da wannan, bisa cewa ana amfani da shi wajen koyar da aƙidun raba kan jama'a. Jihohi takwas suka kai ƙara, wata kotun tarayya a Massachusetts ta dakatar da sokewar na ɗan lokaci, amma a farkon Afrilu Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 da 4, ta ba gwamnati damar ci gaba da riƙe kuɗin yayin da shari'ar ke gudana.